Likita ya ce kitse ya tsuke jijiyar zuciyar maigidana, ana iya wanke ta?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Gwammaja. Maigidana ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekararsa 56. Tun bara yake kukan ƙirjinsa na ɗaurewa in ya hau bene ko ya yi sauri, sai ya tsaya minti biyu ko uku ya sake shi. Mun daɗe muna zaton olsa ce. Da aka yi masa hoton jijiyoyin zuciya, likita ya ce kitse ya tsuke ɗaya da kamar kashi 60 cikin ɗari. Jininsa 156/96, LDL, wato mugun kitsen cikin jini, a takardar gwaji 4.3, suga kuma an ce yana bakin iyaka. An rubuta masa atorvastatin 40 na rage kitsen jini, amlodipine 10 na hawan jini da asfirin 75 na hana jini yin guda. Ya sha wata biyu ya ajiye, wai abokansa sun ce maganin yana lalata hanta, kuma wanda ya saba da shi ba ya rabuwa da shi. Yanzu kullum da safe ina haɗa masa tafarnuwa, citta, lemon tsami, khal da zuma, an ce suna narkar da kitsen cikin kwana 40. Yana shan sigari, ko da yake ya ce ya rage. Don Allah ana iya wanke jijiyar ta koma yadda take? Me zan riƙa dafa masa?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba Alhaji lafiya, ke kuma Ya saka miki da alherin ɗawainiyar da kike yi.

Kafin mu shiga kicin, ga abin da ya fi gaggawa: Alhaji ya koma wurin likitansa cikin makon nan, ya faɗa masa gaskiya cewa ya ajiye magani, a mayar da shi a kai. Mutumin da jijiyar zuciyarsa ta tsuke, ƙirjinsa na ɗaurewa a bene, jininsa na kai 156/96, ga sigari, kuma babu magani a jikinsa, yana cikin haɗari na gaske. Ba don hankalinki ya tashi muke faɗa ba. Haɗari ne da ake iya rage shi sosai, kuma rabin kayan aikin suna nan ajiye a gidanku.

Jijiya ba ta wankuwa. Babu abin sha, na asibiti ko na gargajiya, da zai bi ta cikinta ya ɗauraye kitsen. Amma ana iya hana shi ƙaruwa, ana iya ɗan rage shi, kuma ana iya sauya yanayinsa ya daina zama mai saurin fashewa. Wannan na ukun shi ke kare mutum daga faɗuwar fuju'a.

Kitsen ba a kan hanyar jini yake kwance ba, a cikin bangon jijiyar yake. Kowace jijiya tana da wata siririyar fata mai santsi daga ciki. Hawan jini, hayaƙin sigari da yawan suga suna ƙuje ta, sai kitsen cikin jini da ake kira kolestarol, nau'in LDL, ya riƙa kutsawa ƙarƙashinta yana taruwa. Ƙwayoyin garkuwar jiki su bi shi su haɗiye, su cika su mutu a wurin, a hankali wurin ya zama ƙullutu mai laushi a ciki, jiki ya yi masa murfi. Shekara ashirin ko talatin ake yi yana girma, da yawa tun suna samari ya soma. Ki ɗauke shi kamar maruru a cikin bangon jijiya. Girmansa ne ke ɗaure ƙirjin Alhaji a bene, domin zuciya na neman ƙarin jini, hanya kuma ta matse. Amma fashewarsa ce ke kisa. In murfin ya yi siriri ya tsage, jini ya taɓa abin da ke ciki, nan take zai yi guda, hanyar da take a buɗe da safe ta rufe ruf cikin mintuna. Shi ne bugun zuciya. In a jijiyar ƙwaƙwalwa ya faru, shanyewar ɓarin jiki. Sau da yawa ma ba babban ƙullutun ne ke fashewa ba, wani ƙarami ne da bai tare ko rabin hanya ba, wanda bai taɓa sa ciwo ba. Don haka kada hankalinku ya tsaya kan kashi 60 ɗin nan kaɗai. Wanda aka ga ɗaya a jikinsa, galibi akwai wasu.

An auna yawan raguwar da ake iya samu, kuma ya kamata ki san ta don kada wani ya yi muku alƙawarin banza. A binciken ASTEROID na 2006 an ba marasa lafiya rosuvastatin, ɗan'uwan atorvastatin, miligiram 40 na shekara biyu, LDL ɗinsu ya sauka zuwa wajen 1.6, aka zura na'ura cikin jijiyar aka auna: kason da kitsen ya cinye ya ragu da kusan kashi 1 cikin ɗari. A binciken GLAGOV na 2016 an ƙara wata allura mai ƙarfi ta rage kolestarol, LDL ya koma ƙasa da 1, raguwar dai wajen kashi 1 ce. Likita Dean Ornish a Amurka ya gwada hanyar abinci a 1990, da mutum 48: ganye da hatsi kusan babu maiƙo, motsa jiki, barin sigari. Bayan shekara tsukewar ta sauka daga kashi 40 zuwa wajen 38 a masu bin tsarin, ta ƙaru a waɗanda ba su bi ba. Kin ga raguwar kaɗan ce. Amma a binciken 4S na 1994, da mutum 4,444 masu ciwon zuciya a ƙasashen arewacin Turai, maganin rage kolestarol ya rage mace-mace da kashi 30 cikin kimanin shekara biyar. Yaya ƙaramar raguwa ta ceci rayuka haka? Saboda in LDL ya sauka, laushin cikin ƙullutun yana tsotsewa, kumburin ya lafa, murfin ya yi kauri. Ƙullutun yana nan, amma ya daina barazanar fashewa. Da aka tattara manyan bincike an ga duk saukar LDL da maki 1 tana rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki da kusan ɗaya cikin biyar.

Yanzu mu yi lissafin Alhaji. Yana 4.3. Ga mai irin ciwonsa ana son ƙasa da 1.8, ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ma tun 2019 ta ce ƙasa da 1.4. In wani ɗakin gwajin ya rubuta da wani ma'auni daban, 1.8 shi ne 70, 1.4 kuma 55. Gyaran abinci kaɗai, in an dage, yakan rage kashi 10 zuwa 15, wato ya sauko wajen 3.7, da sauran tafiya mai nisa. Dalili kuwa mafi yawan kolestarol hanta ce ke ƙera shi da kanta, ba daga kwano yake zuwa ba, shi ya sa za ki ga siririn mutum da nasa ya hau. Atorvastatin 40 yakan rage kusan rabi, ya kai shi wajen 2.2. A haɗa da girkinki, ya kusa 1.9. In bai kai ba, ninka maganin zuwa 80 yana ƙara kamar kashi 6 ne kawai. Ƙara masa ezetimibe miligiram 10 yakan rage wani kashi 20. Wannan hukuncin likita ne, kuma ba zai iya yanke shi ba sai an sake gwaji bayan mako 6 zuwa 12 da komawa kan magani. A nan mutane da yawa ke kuskure: a sha shekara uku ana haɗiyar ƙwaya ba a taɓa dubawa ko ta kai inda ake so ba.

Maganar hanta. Mummunar illa ga hanta daga atorvastatin abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai. Ana gwajin hanta kafin a fara, a sake in likita ya ga dalili, shi ke nan. A ƙasar nan ciwon hanta nau'in B ya fi zama abin dubawa, don haka in ba a taɓa gwada Alhaji ba a gwada. Ƙorafin da aka fi yi shi ne ciwon tsoka, cinya ko kafaɗa, kuma bincike ya nuna mafi yawansa ba daga maganin yake ba. In ya zo kada ya ajiye da kansa, ya koma a rage ko a canza masa wani. Alamar da ba a kwana da ita ita ce ciwon tsoka mai tsanani da kasala tare da fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi. Wannan a tsayar da maganin a tafi asibiti ranar. Maganin yana ɗan ɗaga suga ga wanda dama yake bakin iyaka, amma amfaninsa ga Alhaji ya rinjayi wannan nesa ba kusa ba. Sannan duk wanda zai rubuta masa maganin ƙwayar cuta, musamman clarithromycin da ake yawan sa wa cikin haɗin olsa, a faɗa masa yana shan atorvastatin, domin ba sa jituwa.

Batun sabo kuwa, ba maye ba ne. Hanta ce ba ta daina aikinta, ranar da aka janye magani cikin 'yan makonni LDL zai koma inda yake. Haka hawan jini: in awo ya yi kyau, maganin ne ya sa, ba warkewa aka yi ba.

Haɗin da kike yi masa da safe ba ya narkar da komai, ko a kwana 40 ko a shekara. Duk abin da aka sha sai ya bi ta ciki da hanji da hanta kafin ya shiga jini, kuma jini ba ya barin tsami ya sauya shi. Khal da lemon tsami a cikin da babu komai suna tayar da ƙwannafi, suna cin haƙori, ga asfirin da dama yake taɓa ciki. Tafarnuwa da citta ki zuba su a miya, a can suke da amfani, za mu zo kan dalilin. Zuma da habbatus sauda ba mu hana ba, cokalin shayi ɗaya na zuma ya isa ga mai suga a bakin iyaka, amma su tafi tare da maganin asibiti, ba su maye gurbinsa ba.

Hawan jini ana son ya sauka ƙasa da 130/80. Ku sayi na'urar awo ta damtse, ba ta wuyan hannu ba. Ya zauna minti biyar, bayansa a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba bayan shayi, goro ko sigari ba. A auna sau biyu da safe, sau biyu da dare, kwana bakwai a jere kafin ranar asibiti, ki rubuta a littafi. Mai 156/96 da wuya ƙwaya ɗaya ta ishe shi. Binciken CREOLE na 2019, wanda aka yi a ƙasashen Afirka shida har da Najeriya, ya nuna baƙar fata sun fi samun sauƙi in haɗin magani biyun ya ƙunshi amlodipine. In ƙafarsa ta ɗan kumbura daga idon sawu, sananniyar illar amlodipine ce, a faɗa wa likita.

To, kicin. Shawararmu ta farko kada ki ware masa tukunya. Namijin da ake kawo wa miya salam alhali yara na cin mai daɗi a gabansa, mako biyu zai yi ya koma wurin mai tsire. Ki gyara tukunyar gidan gaba ɗaya, a hankali. 'Ya'yansa ma jininsa ne a jikinsu.

Fara da mai. Maiƙon da ke ɗaga LDL shi ne mai daskarewa. Man shanu kusan kashi biyu cikin uku nasa irin wannan ne, manja kusan rabi, kakide da kitsen nama haka. Man gyaɗa na gaskiya bai kai kashi 20 ba, man waken suya wajen 15. Sai dai ki lura, da yawa daga abin da ake aunawa a jarka ana kira man gyaɗa tataccen manja ne da aka cire wa launi. Za ki gane shi da hunturu, yana yin gajimare ya kwanta a gindin kwalba, kuma ba ya ƙamshin gyaɗa. Ki karanta jikin galan, ko ki saya wurin matan da ke yin ƙuli-ƙuli waɗanda kika sani. Sannan ki daina tuttulawa daga jarka, ki auna. Babban cokali biyu ga mutum ɗaya a yini, duka girki, ya wadatar. Miyar da mai ke yawo a samanta an wuce gona da iri. Ki bari ta ɗan huce ki kwashe. Man shanun da ake zubawa a miyar kuka ko kan tuwo, wannan a yi sallama da shi, in ya zama dole rabin cokalin shayi don ƙamshi ranar Juma'a. Man da aka soya abu a ciki har ya yi baƙi kada a maimaita.

Gishiri shi ne na biyu, kuma shi ya fi ɓuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato cokalin shayi ɗaya a shafe, har da wanda ke cikin burodi da komai. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, farin magi da kanwa su ma suna ɗauke da sinadarin da ke ɗaga jini. Tukunyar da aka jefa wa dunƙule shida, aka ƙara gishiri, aka kawo yaji mai magi a gefe, ta ninka ƙa'ida tun kafin a kai ga abincin dare. Ki rage kashi ɗaya cikin huɗu kowane mako. Harshe yana sabawa cikin mako uku zuwa huɗu, in kika yanke lokaci ɗaya za a yi miki bore. Ki cike gurbin da daddawa, albasa mai yawa, tafarnuwa, citta, masoro, kanumfari, kimba da busasshen kifi. Yajin gida ki daka shi da kanki babu magi. Wake kuwa ki jiƙa shi tun dare, zai dahu ba sai da kanwa ba.

Abin da za a ƙara ya fi abin da za a rage yawa, kuma abincinmu na asali ne. Wake, kuɓewa da alkama ko dawa ko gero da ba a surfe ƙwarai ba suna da harza da ke kama kolestarol a hanji ta fita da shi. Yauƙin kuɓewa da mutane ke rainawa yana cikin wannan aiki. Da safe kunun gero ko koko mai ɗan suga kaɗan da alale, maimakon ƙosai, fanke ko indomi da ƙwai uku. Da rana shinkafa da wake, amma waken ya zama rabi ko fiye, mai cokali ɗaya, a cika gefe da latas, tumatir, kokwamba da albasa. Dambun zogale, faten wake da alayyahu, kwaɗon rama ko zogale da ƙuli-ƙuli, duk suna kan hanya. Da dare malmalar tuwo ɗaya daidai dunƙulen hannunsa, miya ta fi tuwon yawa, kuma a ci da wuri, ba ƙarfe sha ɗaya a kwanta a kai ba. Ganye da 'ya'yan itace ana son giram 400 a yini, kamar cikin tafin hannu biyar. Kayan gwari a Yankaba, gwanda, goba, kankana da lemon zaƙi a 'Yan Lemo, in an sayi na lokacinsa ba su kai kuɗin balangun dare ɗaya ba. Gyaɗa marar gishiri cikin hannu ɗaya, wajen giram 30, tana da kyau a kullum.

Nama ba a haramta masa ba. Jan nama marar kitse daidai tafin hannunsa, sau biyu ko uku a mako. Tozo, ɓargo, ƙwaƙwalwa, kayan ciki da kitsen da mai balangu ke yankawa a kai su ne za a bari. Kaza a cire fata. Kifi mai maiƙo irin titus ko sardin sau biyu a mako, gasasshe ko a miya. Dafaffen ƙwai ɗaya ba laifi. Fura da nono ya sha, da tsala wanda aka cire wa mai, babu suga. Lemon kwalba na roba mai santilita 50 yana ɗauke da suga sama da giram 50, fiye da cokalin shayi goma sha biyu, kason yini guda ke nan a zama ɗaya. Su malt ma 'yan gida ɗaya ne. Zoɓo da citta da kanumfari babu suga yana ɗan sauke jini da 'yan maki, ki zuba masa a gora.

Gaskiyar magana, a kasuwa ake ɓata aikin da aka yi a gida. Alhaji yana wuni a shago daga safe zuwa magariba, abin da ya zo wucewa shi za a saya: awara, soyayyen dankali, shayi mai madarar gwangwani, tsire in baƙo ya zo. Ki riƙa haɗa masa kula ya tafi da ita, ko yaro ya kai masa da azahar.

Sigari babu maganar ragewa. Ko kara ɗaya a rana yana ɗauke da kusan rabin haɗarin da mai shan kara ashirin ke ciki ta fuskar zuciya, domin hayaƙin yana sa jini saurin yin guda. Wanda ya bari, cikin shekara guda ƙarin haɗarinsa na raguwa da kusan rabi, babu ƙwayar da ke yin wannan da arha haka. Ya sa rana, ya faɗa wa abokan zamansa, a fitar da kwali da ashana daga mota da shago. Mako biyun farko ne masu wuya, zai yi faɗa da rashin barci. Ki yi haƙuri da shi, kada ki yi masa gori in ya zame, ya sake ɗaura niyya. Shisha ba mafita ba ce.

Tafiya a ƙafa ana son ta kai minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Amma tunda ƙirjinsa na ɗaurewa, sai likita ya amince tukuna, kuma bayan ya koma kan magani. Ya fara da minti 10 a shimfiɗaɗɗen wuri, ya ƙara minti biyar kowane mako. Saurin da ya dace shi ne wanda zai iya magana amma ba zai iya jan dogon karatu ba. Minti biyar na farko a hankali. Kada ya fita da cikakken ciki. Lokacin zafi, daga Maris zuwa Mayu, bayan asuba ne lokacinsa. Da hunturu kuwa ya bari rana ta ɗan fito, domin sanyi yana matse jijiya ya tayar da ciwon. Ya riƙa zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa, ko ya sauka daga adaidaita sahu kafin a kai ƙofar kasuwa. Hawa Dala ko Goron Dutse ba yanzu ba. In ƙirji ya ɗaure ya tsaya, ba a yin jarumta da wannan. Ki auna ƙugunsa daidai cibiya da tef ɗin tela: ana son ya gaza rabin tsayinsa. In yana da nauyin kilo 90, rage kilo 5 zuwa 9 cikin wata shida zai taɓa jininsa da sugansa a fili. In yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, ki faɗa wa likita, yana cikin abubuwan da ke hana hawan jini sauka.

Akwai magungunan da za ki sa wa ido. Diclofenac, ibuprofen, piroxicam da haɗin ciwon jiki da ake ƙullawa a kemis suna ɗaga jini, suna taɓa ƙoda, suna ƙara haɗarin bugun zuciya, tare da asfirin kuma suna iya sa ciki zubar jini. Farasitamol ya fi masa aminci. Sai wata magana da kunya ke sa a ɓoye. In likita ya ba shi maganin ciwon ƙirji na sa wa ƙarƙashin harshe, ko ɗan'uwansa isosorbide, haɗa shi da maganin ƙarfin maza yana iya faɗar da jini warwas har a rasa rai. An sha samun irin wannan sinadari a ɓoye cikin haɗe-haɗen gargajiya da shayin maza da ake tallatawa. Raunin da ke kai maza ga sayensu sau da yawa wannan ciwon jijiyar ne ya jawo shi, don haka wurin likita ya kamata a kai shi. Magungunansa kuma a saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC, kada a bar su cikin mota a rana.

Ki haddace waɗannan alamu, ki koya wa yaran shagonsa. Ciwon ƙirji da ya zo yana zaune, ko ya tashe shi daga barci, ko ya wuce minti 10 bai saki ba. Nauyi kamar an danne shi, yana tafiya hannun hagu, muƙamuƙi ko baya. Gumi mai sanyi, tashin zuciya, haki. Ba olsa ba ce har sai asibiti ta ce olsa ce. Kada a tsaya ba shi madara ko maganin ƙwannafi, kada a jira gari ya waye, kada ya tuƙa da kansa. Ya tauna asfirin miligiram 300, wato huɗu na 75, in ba ya da matsala da shi, a wuce sashen gaggawa na babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Murtala, a nemi gwajin zuciya na ECG nan take. Naman zuciya yana mutuwa ne awa bayan awa, maganin buɗe jijiya kuma a sa'o'in farko ya fi aiki. In kuwa baki ne ya karkace, hannu ya saki ko magana ta sarƙe, a tafi haka nan amma kada a ba shi asfirin sai an yi hoton kai, domin yana iya zama jini ne ya zuba. Ko da ciwon bai kai haka ba, in ya fara zuwa da ɗan aikin da da ba ya kawo shi, ko ya yawaita, a ga likita ranar.

Wataƙila wani ya ce a fita waje a sa masa ragar buɗe jijiya a huta. Ragar tana ceton rai lokacin bugun zuciya, tana kuma sauƙaƙa ciwon ƙirjin da ya gagari magani. Amma ga mai ciwon da ke zuwa da aiki ya tafi da hutu, manyan bincike biyu, COURAGE a 2007 da ISCHEMIA a 2020, ba su ga ta rage mutuwa fiye da magani da gyaran rayuwa ba. Wuri ɗaya take gyarawa, kuma wanda aka sa wa ita ƙarin magani yake samu, ba ragi ba.

Azumi kuwa, da yawa masu irin ciwonsa da ya lafa suna yi lafiya, amma a tambayi likita wata guda kafin Ramadan a tsara lokutan ƙwayoyi tsakanin buɗa-baki da sahur. Wanda bai daɗe da bugun zuciya ba ko ciwonsa ke ƙaruwa, uzurinsa a bayyane yake. Teburin shan ruwa mai cike da soye-soye yana iya rushe aikin wata shida.

Ranar komawa asibiti ki raka shi in zai yarda. Ku tafi da ledar magungunan duka, har na gargajiya, da littafin awon jini da tsofaffin takardun gwaji. Ku nemi a duba ƙoda, hanta da gwajin suga na wata uku da ake kira HbA1c: daga 5.7 zuwa 6.4 bakin iyaka ne, 6.5 zuwa sama ciwon suga ne. Ku tambayi likita lambar LDL da yake son Alhaji ya kai da ranar da za a sake aunawa, ya rubuta muku a jikin kati. Ku tambaya ko yana buƙatar maganin ƙarƙashin harshe na ko-ta-kwana da yadda ake amfani da shi. In kuɗin magani na cikin abin da ya sa ya ajiye, ku faɗa ba kunya, akwai masu sauƙin kuɗi da ke aiki iri ɗaya, kuma ku bincika shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, KSCHMA. In akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a ko bugun zuciya a danginsa kafin shekara 55, ku ambata, sannan manyan 'ya'yansa da ƙannensa su ma su je a auna musu jini, suga da kolestarol.